Tambayoyi da amsoshi kan fata da fargabar magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka kafin wasan buɗe kaka

Daga watan Janairu, lokacin da ake ɗaga kofi, zuwa ƙarshen Agusta, magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka suna shafe sama da wata bakwai ba su ga ƙungiyarsu ta kara da kowa ba. A tsawon wannan lokaci fata yakan kumbura fiye da abin da ke ƙasa, fargaba kuma takan samu wurin zama. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaitawa a makonnin da ke gaban wasan farko, an kuma ɗauki yawancin misalai daga buɗe kakar 2025, wadda ta bai wa masu hasashe kunya fiye da kima.

Wane wasa ake nufi, kuma me ya sa ƙungiyar jami'a ke tara jama'a haka?

Ana nufin ƙwallon Amurka, wasan da ake yi da kwalkwali da sulken kafaɗa, mutum 11 a kowane ɓangare, inda ake ɗaukar ƙwallo a hannu ko a jefa ta domin kai wa ƙarshen filin abokan hamayya. A jami'o'i aka haifi wannan wasa, domin karawar farko da aka rubuta ita ce ta Rutgers da Princeton a ranar 6 ga Nuwamba, 1869, shekaru 51 kafin a kafa gasar ƙwararru da a yau ake kira NFL. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin jami'o'i, kuma babban ajinta yana da ƙungiyoyi fiye da 130.

Jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma ba su da ƙungiyar NFL ko ɗaya, saboda haka ƙungiyar jami'a ce abin tinƙahon kowa, har da wanda bai taɓa shiga aji a can ba. Filin jami'ar Michigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, na Ohio State kuma 102,780, sannan Nebraska ba ta daina sayar da duk tikitocin wasanninta na gida ba tun 1962. Abin da ke ƙara wa lamarin zafi shi ne ƙarancin wasanni: kowace ƙungiya wasa 12 take bugawa kafin a zo ga na neman kofi, kusan bakwai daga ciki a gida. Wanda ya saba da gasar da ake buga wasa 38 a kaka ya san cewa ana iya faɗuwa a Agusta a farfaɗo a Janairu, amma a nan kowace Asabar tana da nauyin wata guda.

Yaushe ake buɗe kakar?

Yawancin ƙungiyoyi suna farawa a ƙarshen makon da ke gaban Ranar Ma'aikata ta Amurka, wadda ke faɗawa Litinin ta farko a watan Satumba, kuma da yake NFL ba ta farawa sai mako mai bi, jami'o'i kan mamaye talabijin daga Alhamis har Litinin. Wasu ƙalilan sukan riga kowa da mako guda, ciki har da wasan da ake yi a filin Aviva na birnin Dublin a ƙasar Ailan kowace shekara tun 2022.

Me ya sa fargaba ta fi yawa kafin wasan farko, alhali ba a fara rasa komai ba?

Saboda mai goyon baya yana shiga wasan ne ido rufe. Ƙungiyoyin NFL suna da wasannin share fage a watan Agusta, amma jami'o'i ba su da wasan sada zumunta ko ɗaya da wata makaranta, don haka ranar da za a fara ganin ƙungiya a gaban baƙo ita ce ranar da sakamako ya fara shiga lissafi. Abin da ake da shi kafin nan atisaye 15 ne a lokacin bazara, sai sansanin horo na kusan mako huɗu a watan Agusta, wanda yawancinsa a rufe yake. Akan bar 'yan jarida su shiga na 'yan mintuna, su ga ana miƙe jijiyoyi da ƙananan atisaye, sannan a fitar da su kafin a fara abin da ya dace a gani.

Ko ɗan labarin da ke fitowa daga sansanin ba ya warware komai, domin ƙungiya da kanta take karawa. Idan aka ce masu kai hari sun yi kaca-kaca da masu tsaron baya a atisayen ranar Asabar, rabin magoya baya za su yi murna, sauran rabin su kwana da tunanin cewa bayansu a buɗe yake, kuma babu mai hujjar da ta fi ta ɗan'uwansa. Shi kansa kwatabak, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya jefa ko ya miƙa, yana sanye da riga mai launi dabam a atisaye, alamar cewa an hana kowa taɓa shi. Yaron da ya yi wata guda yana jifa cikin kwanciyar hankali bai san yadda hannunsa zai kasance ba sai ranar da wani ƙato mai kilo 130 ya nufo shi da gaske.

Masu horarwa kuma ba sa taimakawa. Da yawansu sukan fitar da jerin 'yan wasa da kalmar "ko" tsakanin sunaye biyu ko uku a gurbi ɗaya, don kada abokin karawa ya san wanda zai fara. A 2025 ma wasu manyan makarantu, ciki har da Nebraska da Texas, sun soke wasan bazara na gargajiya da ake buɗe wa jama'a, kuma kocin Nebraska, Matt Rhule, ya bayyana cewa yana gudun wasu makarantu su ga 'yan wasansa a talabijin su zo zawarcinsu. Ƙofar da magoya baya ke leƙawa ta ƙara ƙuntata ke nan.

Jadawalin da ake fitarwa kafin kaka abin dogaro ne?

Kamfanin dillancin labarai na AP ya fara jera ƙungiyoyi a 1936, ya kuma fara fitar da jadawalin kafin kaka a 1950. 'Yan jarida sama da 60 ne ke jera ƙungiyoyi 25 da suke ganin sun fi, ta farko ta samu maki 25, ta ƙarshe maki 1, a tara a fitar a tsakiyar Agusta. Masu jefa ƙuri'ar ba su ga abin da magoya baya ba su gani ba. Suna dogara ne da sakamakon bara, da sunan makaranta, da yawan 'yan wasan da suka dawo, da kuma darajar da kamfanonin tantance yaran sakandare suka bai wa sababbin ɗauka.

Daga 2000 zuwa 2025, sau biyu kacal ƙungiyar da ta fara kaka a matsayi na ɗaya ta ƙare a nan: USC (jami'ar Kudancin California) a 2004 da Alabama a 2017. USC ɗin ce kuma a 2012 ta fara a sama ta ƙare da nasara 7 da rashin nasara 6, ba ta cikin jerin 25 ɗin ma. A 2025 Texas ta hau matsayi na ɗaya kafin kaka a karon farko a tarihinta, Penn State na biye, amma a farkon Oktoba duka biyun suka fice daga jadawalin a rana ɗaya, kuma babu wadda ta shiga wasannin neman kofi. A ɗaya gefen, Auburn ta fara 2010 a matsayi na 22 ta ɗauki kofi, TCU (wata jami'a a jihar Texas) ba ta cikin jerin a 2022 amma ta kai wasan ƙarshe, sannan Indiana, makarantar da aka fi sani da ƙwallon kwando da kuma yawan shan kaye a wannan wasa, ta fara 2025 can ƙasa da manyan goma ta ƙare da kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Duk da haka bai dace a yi watsi da jadawalin gaba ɗaya ba. Ya fi iya nuna rukunin makarantun da ke da ƙarfin jiki da yawan gwanaye, kuma a yawancin shekaru zakara daga cikinsu yake fitowa. Inda yake kasawa shi ne tantance wace ce ta ɗaya wace ce ta takwas, kuma a nan ne magoya baya suka fi ɓata yawun bakinsu. Yana da wata illa kuma da ba a cika faɗa ba: ƙungiyar da aka ɗora sama a Agusta takan ci gajiyar wannan matsayi har tsakiyar kaka, domin masu ƙuri'a ba sa son janye maganarsu da wuri.

Me ya sa kusan duk muhawarar ke komawa kan kwatabak?

Domin ƙwallo tana bi ta hannunsa a kusan kowane hari, kuma tun 2024 shi ne ke jin muryar koci ta na'urar da ke cikin kwalkwalinsa, wadda ake katsewa idan saura daƙiƙa 15 a fara harin. Daga nan sai abin da idonsa ya gani. Ƙungiyar da kwatabak ɗinta ya dawo da gogewar shekara guda tana shiga kaka da kwanciyar hankalin da sauran ba su da shi.

Labarin Arch Manning ya nuna yadda fata ke wuce gona da iri. Jika ne ga Archie Manning, tsohon kwatabak a NFL, kuma Peyton da Eli, waɗanda kowannensu ya ci kofin NFL sau biyu, baffanninsa ne. Kafin kakar 2025 wasa biyu kawai ya taɓa farawa a Texas, duka a 2024 lokacin da Quinn Ewers ke jinya, amma tun kafin a busa usur ana ambatonsa a sahun gaba na masu neman kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan shekara. A ranar 30 ga Agusta, 2025, Texas ta je Columbus, gidan Ohio State mai riƙe da kofi, Ohio State ta doke ta da ci 14 da 7, kuma abin da ya fi tsaya wa magoya bayan Texas a rai shi ne lokacin da suka zo dab da layin ci, saura yadi ɗaya, Manning ya yi ƙoƙarin kutsawa da kansa aka danne shi a wurin. Washegari waɗanda suka yi wata bakwai suna kambama shi suka koma cewa suna ne kawai. Yabon farko da sukar baya duka an yi su ne kan shaida kaɗan, domin yaron ya je ne gidan masu riƙe da kofi a wasansa na farko a waje.

Babbar fargabar ita ce rauni. Florida State ta fara 2017 a matsayi na 3, ta sha kashi a hannun Alabama da ci 24 da 7 a wasan buɗewa, kwatabak ɗinta Deondre Francois ya ji raunin da ya hana shi sauran kakar, ƙungiyar kuma ta rikice. Amma Ohio State ta rasa kwatabak ɗinta Braxton Miller a watan Agustan 2014, kwanaki kaɗan kafin a fara, daga baya ta rasa wanda ya maye gurbinsa, J.T. Barrett, sai na uku a layi, Cardale Jones, ya kai ta ga kofi. Saboda haka tambayar da ta fi amfani a watan Agusta ita ce wane ne na biyu, kuma ya taɓa buga wasa na gaske ko kuwa.

Idan ba kwatabak ba, ina masu ido ke dubawa?

Suna duban ƙartan nan biyar da ke tsayawa a layin gaba domin kare kwatabak da buɗe hanya ga masu gudu da ƙwallo. Ba sa cin maki, ba a cika kiran sunansu ba sai sun yi laifi, amma aikinsu na haɗin baki ne: kowane ɗaya dole ya san wanda zai tare da wanda zai bar wa na kusa da shi, cikin daƙiƙa biyu, a filin da ihun mutum dubu ɗari ya hana su jin juna. Wannan ba ya samuwa a mako huɗu. Ƙungiyar da ta sauya uku ko huɗu daga cikinsu tana da dalilin damuwa ko da kwatabak ɗinta fitacce ne, kuma a ganin mai wannan rubutu, mai goyon bayan da ya ƙirga yawan wasannin da waɗannan biyar suka taɓa farawa tare ya fi wanda ya haddace jadawalin AP sanin abin da zai faru a Satumba.

Sai kuma masu bugun ƙafa, waɗanda ba a tuna su sai wasa ya zo ƙarshe da tazarar maki biyu.

Yaya sauya sheƙa da biyan kuɗi suka canja yadda ake jiran kaka?

Sun canja shi sosai. A da ɗan wasan da ya bar makarantarsa sai ya zauna shekara guda bai buga ba, kuma dokar NCAA ta hana shi karɓar komai bayan tallafin karatu. A 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke saka sunansa sauran makarantu su tuntuɓe shi. A 2021 aka cire zaman shekara guda ga mai sauyawa karo na farko, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, tsarin da ake kira NIL. Zuwa 2024 an cire iyakar yawan sauyawa. Sannan a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Ga mai goyon baya, ma'anar wannan ita ce ƙungiyar da ya bari a Disamba ba ita zai tarar a Agusta ba. Tennessee ta shiga wasannin neman kofi a 2024 da Nico Iamaleava a matsayin kwatabak, magoya bayanta suka gina fatan 2025 a kansa, sai a watan Afrilu ya rabu da makarantar ana dab da wasan bazara, ya koma UCLA, wata jami'a a Los Angeles. Ga kuma asarar da aka saba da ita ta masu tafiya NFL bayan shekara uku da gama sakandare: Ohio State ta ɗauki kofi a Janairun 2025, a Afrilu aka zaɓi 'yan wasanta 14, manyan mataimakan kocinta biyu kuma suka kama aiki a wasu wurare.

Sai dai hanyar da ake fita ta nan ake shigowa. Koci Curt Cignetti ya zo Indiana da ayarin 'yan wasa daga tsohuwar makarantarsa, James Madison, daga baya ya ɗauko kwatabak Fernando Mendoza daga jami'ar California, wanda ya ci kyautar Heisman a 2025. Tun da aka ga haka, magoya bayan kowace ƙaramar makaranta suka samu hujjar yin mafarki, masu horarwa kuma suka rasa uzurin da suka daɗe suna fakewa da shi na cewa gina ƙungiya sai an ba su shekara huɗu.

Wanne ya fi, a buɗe da babbar ƙungiya ko da ƙarama?

Magoya baya sun rabu a kan wannan. Manyan makarantu sukan biya ƙanana kuɗi su zo gidansu a doke su, domin a gwada sababbin 'yan wasa ba tare da haɗari ba, ƙaramar makarantar kuma ta samu abin tafiyar da sashen wasanninta. Yawanci haka ake yi a tashi lafiya. Amma babu mai goyon bayan Michigan da ya manta 1 ga Satumba, 2007, ranar da Appalachian State, daga ajin da ke ƙasa, ta zo Ann Arbor ta doke ƙungiyar da ke matsayi na 5 da ci 34 da 32, bayan ta tare bugun da zai ba Michigan nasara a daƙiƙun ƙarshe. Michigan ta fice daga jadawalin a mako guda. Masu bin ƙananan gasa ba su yi mamaki kamar sauran ba, domin Appalachian State ita ce zakarar ajinta shekara biyu a jere kafin nan.

Wasa da ƙaramar ƙungiya ba shi da riba idan an ci, yana da babbar asara idan an faɗi, kuma ba ya nuna wa kowa gaskiyar ƙungiyarsa. Wasa da babba yana tona asiri da wuri, abin da koci ba ya so amma yake buƙata.

Shan kaye a wasan farko yana kashe kaka?

A da yana iya kashewa. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiyoyi huɗu kawai wani kwamiti ke zaɓa su buga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, kuma babu wadda ta taɓa shiga da rashin nasara biyu. Ko rashin faɗuwa ma bai isa ba, kamar yadda Florida State ta gani a 2023, lokacin da ta ci wasanninta 13 amma aka bar ta a waje bayan kwatabak ɗinta Jordan Travis ya karye. Daga 2024 aka faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 12, kuma a kakar farko ta wannan tsari Ohio State ta faɗi sau biyu, a hannun Oregon da Michigan, ta kuma ɗauki kofi. Wadda ta doke a wasan ƙarshe da ci 34 da 23, wato Notre Dame, ita ma Northern Illinois ta kunyata ta a gida da ci 16 da 14 a mako na biyu na kakar. Alabama ta buɗe 2025 da shan kashi 31 da 17 a hannun Florida State, har wasu suka fara kiran a kori koci, amma ta shiga cikin 12 ɗin.

Abin lura shi ne faɗuwar farko tana cinye rarar da ƙungiya ke da ita. Wadda ke cikin SEC ko Big Ten, rukunan da manyan makarantu ke karawa da juna a cikinsu, tana da manyan wasanni huɗu ko biyar a gabanta, kuma faɗuwa ta uku ce ke yawan rufe ƙofa, kamar yadda ta rufe wa Texas a 2025.

To nasara a wasan farko fa, ba a ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta ba?

Wannan karin magana ba ya cika aiki a nan, domin a makon farko ba a san darajar wanda aka doke ba. Colorado ta ci wasa ɗaya tak a 2022, sabon koci Deion Sanders ya zo ya sauya mafi yawan 'yan wasan, suka buɗe 2023 da doke TCU, wadda ta buga wasan ƙarshe a kakar da ta gabata, da ci 45 da 42. Ƙasar ta ɗauki zafi a kansu na mako uku, sai suka ƙare da nasara 4 da rashin nasara 8, ita ma TCU ta ƙare da rashin nasara fiye da nasara. Florida State da ta doke Alabama a buɗe 2025 ba ta kai nasara shida da ake buƙata don samun gurbi a ƙarin wasannin da ake yi bayan kaka ba. LSU, jami'ar jihar Louisiana, kuwa ta sha kashi a wasan buɗewa shekara biyar a jere daga 2020 zuwa 2024, har ya zama abin gori, a 2025 ta je gidan Clemson ta yi nasara da ci 17 da 10, magoya baya suka ce an karya ƙofi, amma kafin Oktoba ya ƙare an sallami kocinta Brian Kelly.

Me magoya baya ke tsammani daga sabon koci, ko daga wanda kujerarsa ke rawa?

Suna tsammanin abin da ya fi ƙarfin lokaci. Nick Saban ya yi ritaya a Janairun 2024 bayan ya ci kofi shida a Alabama, wanda ya gaje shi, Kalen DeBoer, ya yi nasara 9 a kakarsa ta farko, adadin da makarantu da yawa za su yi biki a kai, amma a Tuscaloosa, garin da jami'ar take, aka ɗauke shi a matsayin koma baya, musamman da Vanderbilt na cikin waɗanda suka doke shi. Bill Belichick, mai kofin NFL shida a matsayin babban koci, ya karɓi North Carolina yana da shekara 72, tikiti suka ƙare tun kafin kaka, sai TCU ta zo ta lallasa su da ci 48 da 14 a daren Ranar Ma'aikata ta 2025.

Wani lokaci ma ba yawan nasara ake aunawa ba, wasa ɗaya ne. Ryan Day ya ci mafi yawan wasanninsa a Ohio State, amma faɗuwa huɗu a jere a hannun Michigan daga 2021 zuwa 2024 ta sa wasu magoya baya neman a kore shi makonni kaɗan kafin ya ɗauki kofi. James Franklin ya kai Penn State wasan kusa da na ƙarshe a Janairun 2025, a Oktoba aka sallame shi bayan faɗuwa uku a jere. Kuɗin sallama ba ya hana kora kamar yadda aka zata, domin Texas A&M ta amince ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don ya tafi.

Akwai damuwa kan lafiyar 'yan wasa a sansanin horo?

Akwai, kuma iyaye sun fi kowa jin ta. Watan Agusta a kudancin Amurka yana da zafi mai haɗe da laima, 'yan wasa kuma suna atisaye da kwalkwali da sulke. Dokar NCAA ta wajabta a fara da 'yan kwanaki na sabawa kafin a saka cikakkun kaya a fara karo. Mutuwar Jordan McNair, ɗan shekara 19 a jami'ar Maryland, wanda zafi ya buge a atisayen 29 ga Mayu, 2018, ya rasu a 13 ga Yuni, ta jawo bincike da korar kocin ƙungiyar, ta kuma sa makarantu suka ƙara tsananta tanadin bahon ruwan ƙanƙara a gefen fili. Tun 2010 manyan makarantu suke gwada 'yan wasa don gano masu ɗauke da ƙwayar sikila, saboda motsa jiki mai tsanani cikin zafi yana iya zama haɗari ga mai ita ko da bai taɓa kwanciya ciwo ba.

Magoya baya kuma sukan bi labarin sansanin da addu'a ɗaya, wato a fito ba wanda ya tsinke jijiyar gwiwa, raunin da ke cinye kaka ɗungurungum.

Ban da sakamako, me kuma ke damun magoya baya?

Aljihu da al'ada. Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tikitin 2025 ta kuma faɗa ƙarara cewa don biyan 'yan wasa ne. Gidajen talabijin ne ke yanke lokacin fara wasa, sau da yawa kwana 12 ko 6 kafin ranar, abin da ke wahalar da mai tafiyar sa'o'i da iyalinsa, da waɗanda suka saba kafa rumfa a wajen fili tun asuba suna gasa nama kafin a buɗe ƙofa.

Kuɗin talabijin ɗin ne kuma ya wargaza rukunan da aka gina kan maƙwabtaka. A 2024 rukunin Pac-12 ya watse ya bar makarantu biyu, USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten, Texas da Oklahoma suka koma SEC, Stanford da California da ke gaɓar tekun Fasifik kuma suka shiga rukunin da ke ɗauke da sunan gaɓar Atlantika. Ƙungiya daga Los Angeles tana iya yin tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasan rukuni, yayin da karawar shekara-shekara tsakanin Oklahoma da Oklahoma State, da ke jiha ɗaya, ta tsaya bayan 2023. An samu riba a wani gefen, domin Texas da Texas A&M sun koma karawa a 2024 bayan rabuwa tun 2011.

Mai kallo daga Najeriya ko Nijar, da ƙarfe nawa zai kama wasannin makon farko?

A ƙarshen Agusta da Satumba agogon Najeriya da Nijar yana gaban na gabashin Amurka da sa'a biyar. Wasan da aka fara da ƙarfe 12 na rana a can, kamar na Ohio State da Texas a 2025, yana kamawa ƙarfe 5 na yamma a Kano ko Maraɗi, na ƙarfe 3:30 kuma 8:30 na dare. Manyan wasannin dare suna farawa bayan ƙarfe 12 na dare a nan. Agogon wasa minti 60 ne a kashi huɗu, amma da tsayawa da tallace-tallace da hutun rabin lokaci na minti 20, yakan ci fiye da sa'a uku, don haka wasan dare ba ya ƙarewa sai wajen ƙarfe 4 na asuba. Daga farkon Nuwamba, idan Amurka ta mayar da agogonta baya, tazarar takan koma sa'a shida.